Supacaja mai intakula ko marar ita: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan mako, duka kan supacaja, wato na'urar nan da bel ɗin inji ke juyawa don ta matsa iska ta cusa wa injin fiye da abin da zai iya shaƙa da kansa. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin sauran ukun a kanta suka rataya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, ina da Ford Mustang GT ta 2016, kuma ina son ɗora mata supacaja. A shagon da na je an nuna mini kaya iri biyu, ɗaya da intakula, wato na'urar sanyaya iskar da supacaja ta matsa, ɗaya babu, mai intakular ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ni ba ɗan tsere ba ne, zuwa aiki nake da ita, sai ɗan taka totur a ƙarshen mako. Anya ƙarin kuɗin nan ba asara ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi mai intakula. Ga dalili.

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon hannu ya san gindin famfon yakan ɗau zafi. Haka iska take, in aka matsa ta sai ta yi zafi, kuma babu kamfanin da ya iya kauce wa wannan. Mu yi lissafi. A ce zafin gari digiri 35 ne, abin da ba baƙo ba ne a Houston a watan Yuli da Agusta, supacajar kuma tana ƙara matsi na psi 8 (psi ma'aunin matsin iska ne). Ko da na'urar ba ta da wata asara ko kaɗan, zafin iskar zai ƙaru da kusan digiri 40. To amma babu na'ura marar asara. Mai kyau a cikinsu za ta kai ƙarin zuwa wajen digiri 55 ko 60, tsohuwar samfurin Roots kuwa ta wuce haka. Ka ga ke nan iskar da za ta shiga injinka ta doshi zafin tafasasshen ruwa. Aikin intakula shi ne ta tare iskar nan a hanya ta kwashe mafi yawan zafin kafin ta isa silinda. Mai kyau takan dawo da ita wajen digiri 50 zuwa 55 a irin wannan rana.

Masu talla sun fi son su ce maka iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka ƙarfin doki zai ƙaru. Gaskiya ne, sai dai ba shi ne babban dalilin ba. Babban dalilin shi ne fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba. A inji mai lafiya fulogi ne ke kunna wuta, wutar ta bi man da iskar ta cinye su a tsanake. Idan iskar ta yi zafi da yawa, ragowar man da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, sai ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Kada a haɗa wannan da abin da makanikanmu na gida ke nufi in sun ce inji ya yi nokin, wato ya mutu ɗungurum, ko da yake na farkon shi ke haifar da na biyun in aka bar shi. Fashewar nan tana fasa bakin fistan, tana karya zobensa, tana cin gasket.

Motar zamani tana da kunnen da ke sauraron wannan ƙara. Da ta ji, ko ta ga zafin iskar ya haura, sai kwamfutarta ta jinkirta lokacin tartsatsin fulogi, ƙarfi ya ragu. Shi ya sa mai supacaja marar intakula zai rantse maka cewa da asuba motarsa aljana ce, amma da azahar, bayan ya taka sau biyu ko uku a jere, sai ta zama kamar an ɗaura mata tirela. Kuɗin da ka biya don ƙarfi, rana ta karɓe rabinsa.

Yanzu dubi injinka. Coyote mai lita 5.0 da ke cikin motarka yana matsa iska da mai kashi 11 zuwa 1 tun daga kamfani, yana ba da ƙarfin doki 435. Na 2018 ma an ƙara shi zuwa 12. Wannan matsi ne mai yawa tun kafin a ɗora komai. Kwatanta da lokacin da Ford da kansu suka sa wa Mustang supacaja, a SVT Cobra ta 2003 da 2004: sun sauko da matsin injin zuwa 8.5, suka yi amfani da gangar inji ta baƙin ƙarfe, supacajar Eaton ɗin psi 8 kawai take bayarwa, amma duk da haka sai da suka sa intakula mai ruwa a ƙarƙashinta. Idan waɗanda suka ƙera injin ba su yarda su bar ta ba a kan 8.5, ban ga yadda za ka bar ta a kan 11 a zafin Texas ba.

Ba ina cewa marar intakula yaudara ba ce. Kamfanin General Motors sun yi shekaru suna sayar da Pontiac Grand Prix GTP da injin 3800 mai supacajar Eaton M90 babu intakula, ƙarfin doki 240, kuma injin ya yi suna wajen juriya. Lotus ma sun fitar da Elise SC ba tare da ita ba, alhali 'yar'uwarta Exige S tana da ita a saman inji har tana tare madubin baya. Sai dai a irin waɗannan motoci injiniyoyi ne suka auna komai, suka tsayar da matsin supacajar a inda injin zai iya ɗauka, suka tsara kwamfutar a kan haka. Idan matsin bai wuce psi 5 ko 6 ba, garin mai sanyi ne, man mai kyau ne, mai motar kuma ya san ba zai taɓa neman ƙari ba, to marar intakula za ta yi. Ta fi sauƙin ɗaurawa, bututunta kaɗan ne, wuraren yoyon iska ma kaɗan.

Sharaɗin ƙarshen nan ne ban yarda da shi ba. Ban cika ganin wanda ya ɗora supacaja ya tsaya inda ya fara ba. Wata shida sai kunne ya saba, ƙafa ta saba, ka fara tambayar ƙaramin fuli, wato faifan da bel ke juyawa, don supacajar ta ƙara matsi. A ranar za ka sayi intakular da ka ƙi saya yau, ka sake biyan kuɗin aiki, ka sake biyan mai saita kwamfuta. Idan kuɗin bai cika ba yanzu, haƙura ka ci gaba da tarawa, motar ba guduwa za ta yi ba. Kuma ka sa a lissafinka cewa daga ranar babu kai babu mai mai arha, sai mai lamba 93, lambar da ke nuna juriyar fetur ga fashewar nan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina Kano. Na sayi Mercedes E55 AMG ta 2004, 'yar Kwatano. Da safe tana gudu kamar me, amma in na shiga cunkoso na fito, sai ƙarfin ya ɓace, ba wata fitila a dashbod. Bakanikena ya ce a cire tsarin ruwan intakular a haɗa kai tsaye, wai shi ke kawo matsala. In yarda?

Amsa: Alhaji, kada ka yarda, ko da wasa. Bakaniken ya gano unguwar da matsalar take, gidan ne ya ɓata masa.

Injin motarka V8 ne mai lita 5.4, supacajarsa irin mai dunƙulen sukurori biyu ce, tana ba da matsi kusan psi 11 da rabi. Intakular tana kwance a ƙarƙashinta a tsakiyar injin, ruwa ke ratsa ta. Wani ƙaramin famfo mai aiki da lantarki ne ke tura ruwan zuwa wani siririn lagireto da ke gaba, bayan bamba, ya huce ya dawo. Supacajar wannan mota tana da kulocinta na maganaɗisu, kuma idan zafin iska ya wuce iyaka, kwamfutar takan sake kulocin gaba ɗaya. Abin da kake ji ke nan: mota mai ƙarfin doki 469 ta koma tana numfashi da hancinta kawai, don ta tsirar da kanta.

A mota mai shekara ashirin, famfon nan ne abin zargi na farko. Masu irin wannan mota a Amurka da Turai sun daɗe da sanin yana raunana a hankali ba tare da ya kunna fitila ba. A sa na'urar duba kwamfuta a karanta zafin iskar da ke shiga inji kana tuƙi. Idan ka taka ya haura, ka saki totur ya sauko cikin ɗan lokaci, ruwa na zagayawa. Idan ya haura ya zauna a can, famfo ne, ko kuma iska ta shiga bututun ruwan. A canza shi da sabo, ba na gwanjo ba, domin na gwanjon ma sa'an naka ne. A wanke siririn lagireton, ƙurar hunturunmu takan toshe shi har iska ta kasa ratsawa. Sannan a daina zuba ruwan rijiya ko na leda, a sa ruwan sanyaya inji na ainihi, domin hanyoyin cikin intakula ƙanana ne, tsatsa da kanwa ba su da wuyar cike su.

Akwai abin da ya sa maganar ta fi tsanani a wurinmu. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ga shi gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓin mai babbar lamba kamar mai tambayar farko. Lambar da ake rubutawa a famfon Amurka ma ba ma'auni ɗaya ba ce da wadda ake amfani da ita a nan da Turai: 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 a namu lissafin. Wato motarka ta riga ta rasa kariya ɗaya, ta mai. Intakula ce ta rage mata. Wannan gargaɗi ya shafi masu Range Rover mai supacaja da suka cika Abuja, su ma ruwa da ƙaramin famfo ke sanyaya iskarsu.

Tambaya: Malam, tsakanin intakula mai iska da mai ruwa, wacce ta fi?

Amsa: Sau da yawa samfurin supacajar ne ke zaɓa maka. Wadda ke zaune a saman inji, irin ta Whipple, Roush ko Magnuson, iskarta kai tsaye take faɗawa cikin inji, babu wurin zagayawa da ita, don haka mai ruwa ake cusawa a ƙarƙashinta. Wadda ke gefe mai kama da turbo, irin ta ProCharger, bututu take bi, ana iya kai iskar gaban mota ta ratsa intakula mai shan iska.

Mai iska ba ta da famfo, ba ta da ruwa, babu abin da zai mutu a ɓoye. Aibinta doguwar hanya: matsi yakan ɗan ragu a bututu, tana tare wa lagireto iska, kuma a tsaye ba ta yin komai sai mota ta motsa. Mai ruwa tana shanye zafin takun farko da kyau, amma in ruwan ya ɗumama yakan ɗau lokaci kafin ya huce, ga kuma labarin famfo da ka karanta a sama. Dodge sun nuna iyakar inda ake kai wannan tsari a Challenger Demon ta 2018, inda suka juya sanyin na'urar AC zuwa ruwan intakula don tseren gajeren zango, motar ta kai ƙarfin doki 840 da man tsere. Wa zai kashe AC a Sakkwato don ya sanyaya wa inji rai, wannan kuma wata magana ce.

Ni dai in duka biyun za su shiga motar, kuma mai gyara na nesa, mai iska zan ɗauka.

Tambaya: Na riga na ɗora marar intakula. An ce in sa feshin ruwa da sinadarin methanol ya wadatar. Haka ne?

Amsa: Yana aiki. Ruwan da aka fesa cikin iska mai zafi yana zama tururi ya kwashe zafi, methanol kuma yana ƙara wa mai juriyar fashewa. Dabara ce tsohuwa, jiragen yaƙin duniya na biyu sun yi amfani da ita, BMW ma sun sa feshin ruwa a M4 GTS ta 2016.

Haɗarin yana wurin saitin kwamfuta. Idan aka saita injin a kan cewa feshin na nan kullum, ranar da tanki ya ƙare, ko bakin feshin ya toshe, ko fis ya ƙone, kana kan totur ba ka sani ba, daƙiƙu kaɗan sun isa. Idan za ka sa, a saita motar yadda za ta zauna lafiya ko babu shi, a haɗa na'urar da za ta rage ƙarfi da zarar ruwan ya tsaya, kuma ruwan ya zama tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, ba kuma na famfo ba. Fulin da ke kanta yanzu kuwa ka bar shi a inda yake har sai ka samu kuɗin intakula.