Aksul Ɗin Gaban Hilux: Ka Ƙirga Haƙora Kafin Ka Kunna Walda

Kai yaro, saƙonka ya iso. Ka ce wani ɗan kasuwa ya kawo tsohuwar Hilux 'yar Kwatano, irin wadda kowace tayar gaba take da nata hannu, yana so a yanke a sa mata aksul guda mai sifirin irin na da. Ka ce ya riga ya sayo aksul ɗin da kansa, kana tambaya ta ina za ka fara. Da na zo kan "ya sayo da kansa" sai da na ajiye wayar, don ka sosa mini inda har yau bai warke ba.

Mutumin yana da gaskiya a abin da yake so. Tun 1986 Toyota ta daina sa aksul guda a gaban waɗanda take kaiwa Amurka, don su daɗin kwalta suke nema. Irin namu kuwa sun ci gaba da fitowa da shi har 1997. Land Cruiser 70 da ta fito a 1984 har gobe da shi ake ƙera ta, shi ya sa direbobin Agadas ba sa wasa da ita. Motar da za ta ɗauki buhu ta shiga rairayi da kwazazzabo, aksul guda ne maganinta.

Yadda za ka ɗaga mota, ka cire tsofaffin hannuwa, ka goge shasi, wannan ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara uku a gareji bai san wannan ba, gara ya koma gida.

Wani Alhaji ne mai fataucin hatsi ya taɓa kawo mini irin wannan aiki. Ya zo da aksul a bayan akori-kura, an wanke shi fes har da sabon fenti. Na ce bari in buɗe in ƙirga haƙoran kirawun da finiyo, wato babbar giya da ƙaramar da ke juya ta a cikin aksul. Ya ce haba Oga, daga mota irin wannan sak aka ciro, a gabansa aka kwance. Ya rantse da Allah. Dattijo ne da furfura, ga carbi a hannu, ga shi yana sauri kasuwar kaka ta kama. Na ji nauyinsa na bari. Kwana goma sha ɗaya muna kan motar nan. Waldar da na yi wa mazaunin sifirin ɗinta, ko yau aka kawo ta zan nuna wa kowa ba kunya.

Ashe aksul ɗin baya mai haƙora 41 da 10 ne, wato 4.10, wanda ya kawo kuma 41 da 9, wato 4.56. Haƙori ɗaya tak a finiyo. Amma idan ka sa giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, tayar baya ta juya sau goma, ta gaba tara take yi. Baya na turawa, gaba na tirjewa. A cikin rairayi ba a ganewa, don taya tana samun inda za ta zame. Direbansa ya fito daga daji da lodin gero, ya hau busasshiyar hanya bai cire taimako ba. Bai yi nisa ba ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya ya fashe, shaf ɗin gaba na dama ya karye a gwiwa.

Da aka jawo motar na ga giyoyi sun zube a cikin mai kamar tsakuwa. Alhaji ya tsaya a tsakiyar gareji, gaban yarana, ya ce bai taɓa ce mini komai a kan aksul ba, ni ne makanike, ni ya kamata in duba. Muka je gaban shugabannin ƙungiya. Ba takarda, ba shaida, sai maganata da tasa. Aka ce in gyara da kuɗina. Filin da na saya a bayan gari don in yi wa iyalina gini, shi na sayar. Ragowar kuɗin aikina kuwa ko kwabo bai ba ni ba. Daga baya wanda ya sayar wa Alhaji aksul ɗin ya faɗa mini da bakinsa cewa ya gaya masa ba na irin motar ba ne, shi ya sa ma ya yi masa ragi. Ya sani sarai. Har yau in na wuce unguwar nan na ga gidajen da aka yi a wurin, sai na kau da kai.

To ka buɗe aksul ɗin duka biyun, na baya da wanda ya kawo, ka ƙirga da yatsanka. In kwancewar za ta yi maka wuya, ɗaga taya ɗaya, ka sa alli a farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksul, ka juya tayar sau biyu kana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan ɗoriya daban, huɗu da rabi daban. Ka kuma duba ƙullin aksul ɗin, inda giyoyin suke, yana ɓangaren da farfelar gaba take fitowa.

Sai kasta, wato yadda kan aksul yake kwantawa baya. Ku yaran yanzu kun fi son ku ɗauki hoton mota ta yi tsayi ku sa a waya, a yi ta yabonku, alhali ba ku auna komai ba. Ni ina barin kan aksul ya kwanta baya kamar digiri 5 zuwa 6, kuma da nauyin mota a kansa nake aunawa, a ɗiga walda kaɗan, a sake aunawa, sannan a ƙone. In ka murɗa aksul don farfela ta miƙe ka cinye kasta, sitiyari zai riƙa rawa a hannun direba da ya taka gudu, kuma ran mutane ne a ciki. Gaban shasin nan ma ba a yi shi don sifirin ba, sai ka lulluɓe shi da faranti mai kauri a inda mazauni zai zauna da wajen akwatin sitiyari. Ka danne gaban ka ga ko sandar sitiyari tana taɓa kaskon baƙin mai. Za ka kuma ga aksul guda irin na da ya fi na bayan wannan mota ƙunci da kusan inci 3, ka gaya wa mai ita tun yanzu kada ya zo yana cewa ka karkata masa mota.

Gobe da safe ka kira mai motar, ka kira dattijo ɗaya cikin 'yan ƙungiya, a buɗe aksul ɗin a gabansu, a rubuta adadin haƙoran a takarda ya sa hannu. Ka karɓi rabin kuɗinka. Sannan ka kira ni ka faɗa mini lambobin kafin ka yanke ko ƙusa ɗaya.