Zauren Masu Karatu: Takarda, Waya ko Kunne?

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan abu ɗaya suka zo: a karanta a takarda, a karanta a waya, ko a saurara? Mun zaɓi shida, mun miƙa su ga ma'aikatan ɗab'i da na ɗakin karatu da masu ɗaukar murya.

Malamanmu yanzu duk PDF suke turo mana ta WhatsApp. Ina karantawa a waya har idona ya yi ja, amma in na shiga jarrabawa sai in ga kamar ban taɓa ganin darasin ba. Laifin wayar ne ko nawa? — Wata ɗalibar jami'a, Zariya

Malama, wayar tana da nata kason laifi. A 2018 wasu masana, akasarinsu daga Jami'ar Balensiya ta Sifaniya, sun tattara sakamakon bincike 54 da aka yi kan mutum fiye da 170,000. Sun gano cewa mai karatu a takarda ya ɗan fi mai karatu a fuskar na'ura fahimta, musamman in rubutun na ilimi ne kuma lokaci ya ƙure. A labarin hira kuwa ba su ga wani bambancin kirki ba. To karatunki na ilimi ne, jarrabawa kuma da agogo ake yin ta.

Takarda tana ba ƙwaƙwalwa wurin rataya abu: kina tuna cewa ma'anar nan tana ƙasan shafin hagu, kusa da zanen. In kina jan rubutu sama da yatsa, babu sama babu ƙasa, komai tafiya yake yi. Ga shi kuma hannu ya saba da gaggawa a waya, ga saƙonni na shigowa.

Ba sai kin buga komai ba. Zaɓi babukan da ke da lissafi, jadawali ko ma'anonin da za a haddace. Ki ce wa mai kwamfuta ya sa shafi biyu a kowace fuska, gaba da baya. Shafi 120 zai koma takarda 30. Sauran ki karanta a waya, amma ki kashe data, ki sa manhajar ta riƙa juya shafi ɗaya-ɗaya maimakon ja. Bayan kowane sashe ki kife wayar, ki rubuta abin da kika riƙe da biro, sannan ki duba inda kika yi tuntuɓe.

Jan ido kuwa daga ƙarancin ƙiftawa ne, don mai kallon waya ba ya ƙifta ido yadda ya kamata. Duk minti 20 ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Kada a ruɗe ki da sayen Kindle, na'urar karanta littattafai, saboda wannan. Fuskarta ba ta da ƙyallin waya, cajinta kan yi makonni, amma shafin PDF mai girman A4 a fuska mai inci 6 tamkar rubutun laya yake komawa.

Na sayi littattafan Hausa uku a waya. A ɗaya, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai in ga ɗan akwati. A wani kuma an rubuta "}asa" da "]aya". Wayata ce ta lalace? — Wani mai karatu, Maraɗi

Malam, wayarka lafiya lau. Cuta uku ce ke kama haruffa masu ƙugiya, kowace da maganinta.

Ɗan akwati yana nufin harafin yana nan a cikin littafin, samfurin haruffan da manhajar ke amfani da shi ne ba shi da siffarsa. In littafin EPUB ne (tsarin fayil na littattafan waya) ko Word, shiga saitin manhajar ka canza samfurin. Noto Serif, Gentium Plus, Charis SIL da Andika duk suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma kyauta ake samun su. In PDF ne ba ka da ta cewa, sai marubucin ya sake fitar da shi, ya kuma cusa samfurin haruffan a cikin fayil ɗin.

"}asa" da "]aya" gadon tsohon zamani ne. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta dabara suka yi: suka ɗauki maɓallan baka-biyu da makamantansu, suka zana ƙ da ɗ da ɓ a kansu. A kwamfutar da ke da wannan samfurin komai daidai yake fitowa, a takarda ma haka. Da zarar fayil ya bar gida sai asiri ya tonu. Gyaransa a Word yake: a yi amfani da umarnin nema da musanyawa, a mayar da kowace alama harafinta na gaskiya, manyan haruffa daban, ƙanana daban. Aikin minti biyar ne, amma a duba ko an yi amfani da baka-biyun na ainihi a wani wuri, don su ma za su rikiɗe.

Ta uku ita ce mai muni: alamar tambaya a gurbin harafi, kamar "?asa". Nan an adana fayil ɗin ne da tsarin da bai san harafin ba, ya shafe shi. Babu saitin da zai dawo da shi; a nemo asalin rubutun.

Wasu marubuta, don gudun wannan duka, sai su watsar da ƙugiyar gaba ɗaya. Ba mu goyon baya. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kuma wanda ya ce "an bata" bai ce "an ɓata" ba. Gboard, allon rubutun waya na Google, yana da allon Hausa, ƙara shi kawai ake yi a saiti. Tunda daga Nijar kake, ka lura: littafin Nijeriya 'ya'ya yake rubutawa, naku ƴaƴa, don haka in kana neman kalma a cikin littafi ka gwada duka biyun.

Ni tela ne, ina sauraron littattafai ina ɗinki. Abokaina sun ce wannan ba karatu ba ne. Kuma data tana ƙarewa kamar ana sha. — Wani tela, zangon Kumasi

Maigida, ka tambayi abokan naka yadda ake karatun zaure. Malami na karantawa yana fassara, ɗalibai na saurare, kuma da haka aka yi manyan malamai. Ga labari da tarihi da wa'azi, kunne yana ɗauka sosai. Inda yake gazawa shi ne wurin da ake buƙatar komawa baya: lissafi, jerin sunaye, hujjar da sai an auna ta sau biyu. Ido kan koma layin baya ba tare da mai shi ya sani ba, murya kuwa wucewa take yi. Saurare kuma ba ya koya wa mutum ƙa'idar rubutu.

Batun data lissafi ne. Murya da aka adana a MP3 kan 64 kbps tana cin kusan MB 29 a awa, wato GB 1 zai ba ka wajen awa 35. A kan 128 kbps ninki biyu ne, alhali ga magana zalla kunne ba zai ji wani bambanci ba. Abin da ke cinye maka kuɗi shi ne YouTube, inda kake biyan kuɗin hoton da ba ka kallo. Rage ingancin bidiyon zuwa 144p, ko ka sauke littafin sau ɗaya lokacin garaɓasar dare ka ajiye a katin waya.

Abin da ya fi damun mu shi ne keken ɗinki da janareta. Mai saurare cikin hayaniya yakan ƙure murya bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarfin sauti ga babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako. A aikace, kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. In na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ya yi yawa. Ƙaramar sifika a kan tebur ta fi maka.

Ina da littafi mai kalma kusan 60,000 da nake so in mayar na saurare. In ɗauka da wayata, ko in ba wa manhajar da ke karantawa da kanta? — Wata marubuciya, Kano

Hajiya, fara da lissafin aikin. Mai karatu a natse yana yin kalma 140 zuwa 150 a minti, don haka littafinki zai kai awa 7. Kowace awa da mai saurare zai ji tana cin awoyi da dama na ɗauka da gyara. Aikin makonni ne.

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana mayar da murya, kuma babu manhajar da ke cire amsa-kuwwa tsaf. Nemi ƙaramin ɗaki mai katifa, labule da darduma. Gaban durowar kaya a buɗe ma wuri ne mai kyau. Kashe fanka da firji. Zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru, kuma ki riƙe lokacin kullum, don muryar safe daban take da ta dare, mai saurare kuma zai ji canjin a tsakiyar babi.

Sa wayar a yanayin jirgin sama, ki ɗora ta a kan matashi ko maƙali, kada ki riƙe. Tazarar baki da makirufo kamar santimita 15 zuwa 20, ɗani ɗaya ke nan, a ɗan karkace don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. Ki karanta daga wata wayar daban, saboda ƙarar juya takarda tana shiga. Kafin ki fara magana ki bar daƙiƙa 10 na shiru. Da shi Audacity, manhajar gyaran murya ta kyauta, za ta gane ƙugin ɗakin ta rage shi. In kin yi kuskure kada ki tsayar da ɗauka: tafa hannu sau ɗaya, ki maimaita jimlar daga farko. Tafin zai fito kamar tsini a zanen muryar, wurin yankewa ke nan. Kowane babi fayil ɗinsa, da lamba 01, 02, 03, in ba haka ba waya za ta jera babi na 10 kafin na 2. Ajiye asalin a WAV, tsarin da ba ya rage ingancin murya, ki fitar da MP3 don rabawa.

Muryar na'ura kuwa, matsalarta da Hausa a rubutunmu take. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na iya zama na hawaye, ko na miya, ko "kuka zo". "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, ƙwari ne masu cin amfanin gona. Bahaushe da ma'anar jimla yake rarrabewa, na'ura kuwa takan yi caca. In za ki gwada, ba ta shafi mai hirar mutum uku da karin magana, ki saurara ido a rufe.

Haƙƙin mayar da littafi murya na marubuci ne, sai in ya sayar. Duba yarjejeniyarki da maɗaba'a tukuna. Masu karanta littattafan mutane a intanet ba izini suna taka Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, kuma dokar ta ba ki damar neman a sauke. Akwai rangwame ga makafi da masu raunin gani, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Nijeriya ta amince da ita a 2017, amma wannan bai halatta wa kowa ciniki da littafinki ba.

Na gaji littattafan mahaifina akwati biyu, har da rubutun hannu na ajami. Bayan damina na tarar gara ta shiga, wasu sun yi fumfuna. — Wani magidanci, Bauchi

Allah ya jiƙan mahaifi. Alhaji, fitar da su daga akwatin yau. Gara daga ƙasa da bango take zuwa, danshi kuma ke kiran ta. Kanta ta ƙarfe ta fi, a ɗage ta daga ƙasa kamar santimita 15, a janye ta daga bango yadda hannu zai wuce. Kada ka ɗaure littafi a leda, tana riƙe laima.

Ware masu fumfuna. Tsayar da su a buɗe a inuwa mai iska, ko gaban fanka; rana tana nannaɗe takarda ta kuma busar da gam har bango ya ɓalle. Sai sun bushe ƙarau za ka share da burushi mai laushi, a waje, hanci a rufe. In ka goge fumfuna da ɗanyenta, cusa ta kake yi cikin takardar. Maganin ƙwari a bango da ƙasa ake sa shi, ba a jikin littafi ba. Salatif kuma haramun ne ga shafin da ya yage: bayan 'yan shekaru zai ɓare ya bar tabo ruwan ƙasa.

Jajayen shafuka ba laifinka ba ne. Littattafan kasuwa da yawa da takardar jarida aka buga su, ita kuwa tana da sinadarin itace da ke sa ta ja ta yi gautsi. Zafi da haske ke hanzarta abin.

Na ajamin su ne abin lallaɓawa. Tawadar gargajiya ruwa na narkar da ita, don haka ko hannu mai gumi kada ya taɓa. Kada a liƙe su da roba mai zafi. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, ka kula da jerinsu. Kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon na gaba. Ɗauki hoton kowace warƙa a hasken rana cikin inuwa, ba filasha, sannan ka mayar gafaka. Gidan Arewa da ke Kaduna yana da masu aikin adana irin waɗannan, za ka iya neman shawararsu.

Manhajar da nake sayen littattafai ta daina aiki. Ina littattafaina? — Wata mai karatu, Sakkwato

Malama, a yawancin manhajoji izinin karatu kika saya, littafin yana hannunsu. Haka masu hulɗa da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Nijeriya, suka shiga zulumi da ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, kuma a 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗewa, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Nemi marubutan kai tsaye da shaidar biyanki. Wasu za su turo miki. Nan gaba, kafin ki biya, tambayi ko za a ba ki fayil ɗin EPUB ko PDF da zai buɗe a wata manhajar. In an ba ki, ajiye shi wuri biyu, katin waya da imel ɗinki. Littafin da babu hoto a ciki da wuya ya kai MB 2, ɗari ma ba za su cika miki waya ba.