Gwajin DNA ya haɗa ni da baƙo, da gaske ɗan'uwana ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na yi gwajin DNA a AncestryDNA, sai gashi sun nuno min wani mutum da ban taɓa jin sunansa ba wai mun haɗa 230 cM, har ya turo saƙo yana cewa kakansa da kakana wa da ƙani ne. Dan Allah ya zan yi in tabbatar? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Jini kam akwai, 230 ba ƙaramin abu bane. Wannan cM ɗin, santimogan, shi ne ma'aunin yawan DNA da kuka haɗa, tsakanin uwa da ɗanta kusan 3,500 ne, 'ya'yan wa da ƙani wajen 850, jikokin wa da ƙani kuma wajen 230, kin ga maganarsa ta zauna. Amma fa kar ki yi saurin rufe littafi, don adadi ɗaya yana iya fitowa ta hanyoyi da yawa, idan ma ana auren zumunci a dangi to lambar takan kumbura, na nesa ya zama kamar na kusa.

Kwamfuta bata san sunan kakan kowa ba, wannan aikin naki ne. Fara duba mutanen da ku biyun kuka haɗa a jerin dangin da AncestryDNA ya nuno miki, in duk ɓangaren mahaifiyarki ne to kin rage rabin wahala. In akwai dattijo a raye, kawu ko gwaggo, a lallaɓa shi ma ya yi gwajin, nasu ya fi naki kusa da tushe.

Sai takardu, nan ne gaskiya ke fitowa. Takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, rajistar ƙidaya, takardun gado, tsofaffin wasiƙu, wasu ma kina iya nemansu kyauta a FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi. Abinda kike nema suna ɗaya, wuri ɗaya, shekaru da suka yi daidai a ɓangarenki da nasa, suna kaɗai baya isa don masu suna iri ɗaya sun yi yawa, kuma bishiyar dangi da mutane ke ɗorawa a intanet cike take da kwafe-kwafe, ni ban yarda da ita ba sai na ga hujja.

In kakannin nan duk na wajen uba ne, kuma namiji bayan namiji, ɗan'uwanki namiji da kuke uba ɗaya da mutumin su yi gwajin Y-DNA a kamfanin FamilyTreeDNA, shi wannan Y-DNA uba ne ke ba ɗa namiji kai tsaye. Kafin nan dai kar ki tura masa takardunki na sirri.