Buga furotin a kan gilashi yana ɓata siffarsa?

Malam, kan tambayarka ko buga furotin a gilashi na canja masa siffa, eh yana iya canjawa. Dabarar buga abu da hatimin robar PDMS (wata roba mai laushi ta silikon) ta fito ne daga ɗakin binciken masanin sinadarai George Whitesides a Jami'ar Harvard a 1993, daga baya aka fara buga furotin da ita. Matsalar ita ce, sai an busar da furotin ɗin a jikin hatimin kafin a danna shi kan gilashin, ita kuma robar ba ta shiri da ruwa, to wasu furotin sai su warware su baje su daina aiki. Antibodi kam, wato furotin ɗin da jiki ke yi don yaƙar cuta, yana da juriya. In kana shakka, auna tsayin furotin ɗin da ka buga da na'urar AFM (mai laluben saman abu da siririn tsinke), wanda ya baje zai fito gajere.