Ga 'yar uwar da lemon na'a-na'arta ke yin ɗaci da baƙi

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, da na karanta tambayarki sai da zuciyata ta sosu, don duk abin da kika lissafa ya taɓa faruwa da ni. Kin ce tun azahar kike haɗa lemon tsami da na'a-na'a saboda shan ruwa, kina ɗanɗanawa ga daɗi ga shi kore shar, amma kafin a kira magariba sai launin ya dafe, ɗaci ya taso har maigida ya ture kofin. Har kin fara cewa ko hannunki ne bai iya ba. Don Allah ki cire wannan daga ranki. Hannunki lafiyarsa ƙalau. Wannan lemon ne ba ya son jira. Mun saba da zoɓo da jinja da ake haɗawa a ajiye har gobe, wasu ma sai sun kwana suka fi daɗi, shi ya sa muke yi masa irin wannan riƙon. Shi kuwa da zarar an matse shi lokacinsa ya fara tafiya.

A cikin lemon tsami akwai wani sinadari da ake kira limonin, shi ne mai ɗacin. Lokacin da kika matse ba ya fitowa nan take, sai ruwan ya zauna sa'o'i sannan ya riƙa tasowa a hankali, kuma zafi yana ƙara masa gudu. Ya fi taruwa a 'ya'yan da kuma farin nan na cikin ɓawo. To ki duba, idan kin jefa lemon da ɓawonsa da 'ya'yansa a bilenda, kin farfasa su, sannan kin ajiye a kicin da zafin watan Afrilu, me kike so ya zama? Ita kuma na'a-na'a da an niƙa ta iska ta taɓa ta sai ta fara duhu, tsamin lemon kuma ya ƙarasa cinye koren.

Ni a wajen sana'a abin ya same ni, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ina yin kayan sha na biki daga gida. Wata Hajiya da ba zan kama sunanta ba ta ba ni aikin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗanta. Ta ce ba ta son zoɓo, kowa zoɓo yake yi, ita irin lemon na'a-na'ar da ta sha a Makka take so. Na ce to, amma da sharaɗi ɗaya, da safiyar walimar zan haɗa, a kai da ƙanƙara. Ta ce sam, a kawo mata tun daren jajibiri, don ba ta son ranar ta tsaya jiran kowa. Na roƙe ta. Wallahi har gida na taka na yi mata bayani cewa wannan lemon ba ya kwana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kuɗina zan ce ga yadda nake so ki tsaya kina koya mini?" Ta ce firizarta ba ta taɓa mutuwa ba. Na dawo na zauna ni da 'yata muna matsar lemo har fatar yatsunmu ta yi fari ta fara tsagewa, yarinyar tana hura hannu tana ci gaba. Muka ɗura a robobi muka kai.

Ashe ko firizar ba a saka su ba. Nama ya cika ta, sai aka jibge buhunan robobin a sito aka rufe ƙofa. Washegari da na je yi mata Allah sanya alheri, ina shiga tsakar gida, mata cike, ta ɗaga roba ɗaya sama yadda kowa zai gani. Abin da ke ciki ya koma launin ruwan wankin tukunya, ganyen ya kwanta a ƙasa baƙi ƙirin. Ta ce, "Jama'a ga mai maganin shawara ta iso." Aka kwashe da dariya. Akwai matan unguwarmu a wurin, akwai ƙawar surukata, akwai waɗanda suke sayen kayana. Ta kwance murfin ta tsiyayar a ƙasa a gabana, har ya fantsal mini a bakin zani. Ban ce uffan ba, ban ma san yadda ƙafata ta kai ni bakin titi ba. A cikin adaidaita sahu na yi kukana, direban yana ta cewa "Hajiya ki yi haƙuri" bai ma san me aka yi mini ba. Cikon kuɗina ba ta ba ni ba har yau, kuma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Ta san na gaya mata. Ta san a ina aka kwanar da kayan. Amma ta zaɓi ta wanke kanta da ni a gaban mutane, ta kuma bi ta yaɗa cewa ban iya komai ba, aikin suna biyu da aka riga aka yi mini alkawari suka sulale. Na daɗe ban iya ko kallon na'a-na'a a kasuwa ba. Na bar ta da Allah, amma in ce miki na manta, na yi ƙarya.

To ki saurare ni. Ki raba kayan, kada ki haɗa su sai dab da sha. Da rana, lokacin da kike da sarari, ki ɗora kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa a wuta, yana narkewa ki sauke. Ki tsinke ganyen na'a-na'a cikin tafin hannu biyu, ganye kawai ban da karan, ki wanke sosai don tana riƙe yashi, ki zuba a ruwan sukarin nan bayan kin sauke, ki rufe minti 15 zuwa 20, ki tace ki zubar da ganyen. Kada ki tafasa shi a kan wuta, ƙamshin guduwa yake ya bar miki warin dafaffen ganye. Wannan ruwan sukarin shi ne zai iya jiranki, a firji yana yin mako guda ba abin da ya same shi. Lemon kuwa sai saura kamar rabin awa a sha ruwa za ki matse. Kofi 1 na ruwan lemo, ruwan sukarin nan, ruwa mai sanyi kofi 5 ko 6, ki ɗanɗana ki daidaita, don ƙananan koren nan wani ya fi wani tsami.

Kuma don Allah matsar ma a hankali. Ki murza shi a kan faranti da tafin hannu ya yi laushi kafin ki yanka, ki ɗora rariya a bakin kwano ta tare 'ya'yan, kada ki ce sai kin tatse ɗigon ƙarshe, a nan ne ɗacin ɓawo ke biyo ruwan. Na san lemo ya yi tsada, da azumi ma abin ba a magana, amma gara ki bar ɗan ruwa a ɓawo da ki zubar da jug guda. Idan kina Kano kuma da hali, ki aika kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a sayo miki da yawa, ki zaɓi masu santsin fata masu nauyi a hannu, su ne masu ruwa.

In kuma irin koren nan na Saudiyya da Masar kike so, wanda ake niƙa ganyen a ciki, to shi a tsaye ake shan sa. Ki zuba ƙanƙara da ruwan lemo da sukari da ganye a bilenda, ki kunna ki kashe sau uku ko huɗu kawai, ki tace ki miƙa. Su ma can a gabanki mai shago yake niƙawa, ba ya ajiyewa. Idan bilenda ta daɗe tana juyawa ɗumi take yi, ɗumin nan kuma shi ke dafe ganyen.

Na ga wata ta ba ki shawarar jefa kanwa. Ki yi haƙuri 'yar uwa mai shawara, amma a'a. Kanwa tsamin take kashewa, ɗacin yana nan, sai ki tashi da abu salam mai bauri. Ɗan gishiri wanda yatsu biyu za su ɗauka ya fi, yana danne ɗaci kaɗan idan bai yi nisa ba. Kada kuma ki bar ruwan lemo ya zauna a tukunyar dalma, tsami yana cin ta, ɗanɗanon ƙarfe ya shiga. Roba mai kyau ko gilashi.

Sannan maganar maigida. Ni ba na jin daɗin yadda ake ture wa mace kofi bayan ta wuni a tsaye da ƙishirwa a bakin murhu. Ana iya cewa "yau ya ɗan yi ɗaci" ba tare da an karya zuciyar mutum ba. Amma ki lura, idan yana fama da ƙwannafi ko gyambon ciki, kada wannan ya zama farkon abin da zai shiga cikinsa, tsamin da na'a-na'ar duka suna iya tayar masa da shi. Dabino da ruwa tukuna, ya ɗan sa wani abu a ciki, sannan ki kawo.

Na'a-na'ar ma ki daina saye kullum, ta kasuwa kafin ta iso gida ta yi yaushi. Cikin wadda kika sayo ki ware kara huɗu masu ƙarfi, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa a gefen taga. Cikin mako ɗaya ko biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito. Ki dasa a tsohon bokiti da kika huda ƙasansa, ki ajiye inda ranar safe kawai ke taɓawa, ki riƙa ba ta ruwa kada ƙasar ta bushe. Kada ki dasa ta a fili kusa da sauran shukokinki, yaɗo take ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye ko'ina. Kina tsinkar kanta tana ƙara tofo.

Ki gwada na ruwan sukarin nan gobe in Allah ya kai mu. In har ya sake yin ɗaci ki dawo ki faɗa mana wane irin lemo kika samu, ƙananan kore ne ko manyan nan masu kaurin ɓawo, don manyan sai an fi kiyaye farin cikinsu wajen matsa.