Labarin zuciya a tambayi fuska: ina matsayin zato?

Wata mai karatu daga Tudun Wadan Zariya ta rubuto cewa kwana biyun nan surukarta tana amsa mata gaisuwa a daƙile. Ita ta ɗauka fushi ake yi da ita, tunda Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Maigidanta kuwa ya ce mata zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wanne za ta kama?

Malama, fuska tana nuna cewa akwai abin da ke cin mutum a rai, amma ba ta faɗin ko mene ne. Ɗaure fuskar mai ciwon kai da ta mai bashi a wuya da ta mai fushi duk kamarsu ɗaya. Kin ga alama, wannan daidai ne. Inda kika yi gaggawa shi ne da kika ce da ke ake.

Ga kuma kunya, wadda kan hana fuskar Bahaushe faɗin gaskiyar ciki. Dubi uwa da ɗan farinta a gidajen birnin Zazzau: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi sai ta kawar da kai har wata ta ɗaga shi. Baƙon da bai san al'ada ba zai rantse ba ta son yaron, alhali hankalinta duk yana kansa. Kirk-Greene, Baturen da ya koyar a Kongo da ke Zariya, ya lissafa kunya cikin halayen mutumin kirki, kuma na yarda da shi, sai dai tana sa karanta fuska ya yi wuya ƙwarai.

Maganar maigidanki tana da tushe a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, inda aka ce sashen zato zunubi ne. Sashe aka ce. Karin maganar ce ta game duka don jan kunne. Shawarata, ki sami surukarki ita kaɗai bayan la'asar, ki durƙusa ki ce, "Inna, ko jikin ne? Na ga kamar ba kya jin daɗi." In da laifinki, kin buɗe mata ƙofar faɗa ba tare da kin tuhume ta ba.

Wani ɗalibi daga Samaru kuma yana tambayar bambancin niyya da nufi. Niyya aro ce daga Larabci, shi ya sa ta fi zama a bakin ibada: niyyar salla, niyyar azumi. Nufi ya fi ta faɗi. Ana cewa ya nufi Sabon Gari, ana cewa Allah ya nufa, ana kuma tambaya "me kake nufi?" idan magana ta zo a dunƙule. Wannan tambayar, in an yi ta da murya mai taushi neman bayani ce, in an ɗaga murya kuwa ta koma neman faɗa.