Amsa kan allon da ke juya siginal: wurin kafa shi ne babbar magana

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da shagon intanet a Mabera, kana janyo sabis ta rediyo daga wani ƙarfen sabis mai nisan kamar kilomita 1, sai aka tada bene a tsakaninku, siginal ya faɗi. Ka ji labarin allunan da ake kira RIS, kana tambaya ko za su fisshe ka, kuma ko layin zai zauna daram idan ya bi ta kansu. Ɗaura rediyo da eriya a Sakkwato da kewaye shi ne abincina, don haka ga abin da zan ce.

Allon nan shimfiɗa ce mai ƙananan ƙarafa ɗaruruwa, wani ma dubbai, a bayansu akwai 'yan dayod, wato ƙananan makunnan lantarki, da ƙaramar kwamfuta mai ba su umarni. Kamar yaro ne da madubi yana jefa hasken rana cikin ɗaki, sai dai shi allon ba ya motsi, ƙarafan ne ke sauya inda siginal zai nufa. Abin da nake so ka riƙe: ba ya ƙara wa siginal ƙarfi, abin da ya same shi kawai yake mayarwa.

Shi ya sa wurin kafa shi ya fi komai. Asarar da siginal ke yi ta kan allo tana bin nisan ƙarfe zuwa allo sau nisan allo zuwa shago ne, ba tara su ake yi ba. Ka sa shi tsakiyar hanyarka, mita 500 sau 500, ka sami 250,000. Ka matso da shi mita 50 daga shagonka, 50 sau 950 ya ba ka 47,500. Tunda ƙarfin na raguwa da wannan adadi sau kansa, bambancin wuraren biyu ya haura ninki 25. Mutane da yawa tsakiya suke nufa, alhali nan ne wuri mafi muni. Idan ka ninka yawan ƙarafan, ƙarfi na iya ninkuwa huɗu, amma babban allo siririn haske yake fitarwa, kuma siririn haske ba ya yafe kuskuren saiti.

Na ga wannan da idona wajen Arkilla, da farantin alminiyam zalla da aka ɗaura jikin ƙarfen tankin ruwa don kauce wa wani gini. Duk rani layin lafiya lau. Iskar farkon damina ta zo ta karkata shi kamar faɗin yatsa biyu, daga ƙasa ba ka ganin wani sauyi, amma sabis ya tafi. Sai da aka yi masa turke nasa na kansa, aka zuba kankare aka ja wayoyi ta kusurwa uku, sannan ya zauna. Allon zamani zai iya gyara saitinsa idan karkatar kaɗan ce, amma sai da wuta da layin umarni. An ɗauke wuta, batir ya ƙare, allo ya daina bin umarni. Ka kuma tuna zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40, da abin da yake yi wa batir a cikin akwatin ƙarfe. Ƙurar hunturu kuwa ba ta cika taɓa siginal na gigahaz 5 ba, wato zangon da irin rediyonka ke aiki a kai, farantin sola take rufewa. Dogon yaro ya fi ta ɓarna, musamman in ya cika ganye ya jiƙe.

Akwai kuma matsalar da masana ke fama da ita har yanzu: allon ba shi da kunne, ba ya auna abin da ke wucewa ta kansa. Sai na'urorin da ke bakin layi biyu sun yi ta gwaji kafin a gano saitin da ya dace. A wajenka da sauƙi, tunda shago da ƙarfe ba sa tafiya. Mai waya a kan babur shi ne aiki.

Kamfanin waya na NTT Docomo na Japan ya gwada irin wannan allo a gigahaz 28 tun 2018, hukumar ETSI mai tsara ƙa'idojin sadarwa a Turai ta kafa masa kwamiti a 2021, kuma yawancin maganarsa a kan 6G ake yi. Mu a Najeriya 5G da aka yi gwanjonta a Disamban 2021 a kan gigahaz 3.5 take. Allo kuma ana ƙera shi ne daidai da zangon da zai yi aiki, na wani zango ba zai yi maka ba.

Shawarata kada ka jira shi. Ka fara duba ko ƙara tsawon turkenka zai haye benen, amma ganin eriya da ido bai isa ba: a kilomita 1 kan gigahaz 5, siginal na son fili kamar mita 2 da rabi ƙasa da layin gani a tsakiyar hanya. In hakan bai yiwu ba, ka je ka gaida mai benen, ku yi magana ya ba ka kusurwar rufinsa ka sa rediyo biyu baya da baya, ɗaya na kallon ƙarfen ɗaya na kallon shagonka, da sola da batir mai kyau. Ka kuma ajiye ƙaramin modem na wani kamfani daban saboda ranar da yara ke rajistar JAMB. Ka hau rufinka ka ɗauko hoto ta wajen ƙarfen, ka faɗi hawa nawa benen yake, sai mu lissafa tsawon turken tare.